Fashin Baƙi: Wa Ya Sa Ranar Kirsimeti, Kuma Me Ya Kawo Bishiya Da Tsoho Mai Jar Riga Cikin Bikin?

Da zarar Disamba ta kama, hunturu ya fara busawa, sai tsohuwar gardama ta dawo Facebook da teburin mai shayi. Wani ya ce ai ba ranar 25 ga Disamba aka haifi Annabi Isa (AS) ba, bikin masu bautar rana ne aka sauya wa suna. Wani ya ce ƙarya ne, ranar tana nan a rubuce cikin Littafi Mai Tsarki. Na uku ya tambaya, in dai haihuwa ɗaya ce, don me Kiristocin Habasha da Masar da Rasha sai 7 ga Janairu suke yin nasu? Ga kuma bishiyar roba a ƙofar kanti a Kano ko Yamai, an yayyafa mata auduga a madadin dusar ƙanƙarar da yaran unguwar ba su taɓa gani ba sai a talabijin.

Abin da ke dagula zancen shi ne ana haɗa abubuwa huɗu wuri guda: aƙida, lissafin kalanda, al'adun lokacin sanyi na arewacin Turai, da kasuwa. Kowanne da zamanin da ya shigo, kuma tsakanin na farko da na ƙarshe akwai shekaru kusan dubu biyu.

Abin da littattafan suka faɗa

Kirsimeti biki ne na tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa ɗan Maryam. Cikin littattafan Bishara huɗu, biyu ne kaɗai suka kawo labarin haihuwar, wato Matiyu da Luka. Luka ya ce a Baitalami aka haife shi, aka kwantar da shi a komin dabbobi don babu wuri a masauki, mala'ika kuma ya kai albishir ga makiyayan da ke kwana a fili suna tsaron garkensu. Matiyu ya kawo zancen masana taurari daga gabas da suka zo da zinariya da lubban da mur. Bai ce su uku ne ba, bai ce sarakuna ba ne. Mutanen baya ne suka ƙirga kyaututtukan, suka ba kowace mai ita. Daga Matiyun har Lukan babu wanda ya ambaci wata ko rana.

Shekarar ma akwai magana. Matiyu ya ce a zamanin Sarki Hirudus aka yi haihuwar, mafi yawan masana tarihi kuwa sun tafi a kan cewa Hirudus ya mutu shekara 4 kafin Miladiyya. Malamin cocin da ya tsara ƙirgar Miladiyya a birnin Rum a shekarar 525, Diyonisiyus, ya kauce da 'yan shekaru ke nan.

Masu neman lokacin haihuwar sukan kafa hujja da makiyayan nan, su ce ba a kwana da tumaki a fili cikin sanyin Falasɗinu. Wasu malaman Musulunci kuma suna duba Suratu Maryam, inda aka umarci Nana Maryam ta girgiza kututturen dabino nunannun 'ya'ya su zubo mata, su ce dabino a can ƙarshen lokacin zafi yake nuna. Akwai masu amsa cewa wannan mu'ujiza ce, ba ta jiran lokaci. Duk dai hasashe ne. Kiristocin farko ma ba su damu da batun ba, babban bikinsu Ista ne, na tunawa da tashin Yesu daga matattu bisa aƙidarsu. Wajen shekarar 200 wani malami a Iskandariyya ta Masar, Kilemen, ya rubuta cewa wasu na cewa a Mayu aka yi haihuwar, wasu na cewa Afrilu.

To daga ina 25 ga Disamba ta fito?

Rubutacciyar shaida mafi tsufa ta fito ne daga wani kundin kalanda na birnin Rum da aka haɗa a shekarar 354, wanda ya nuna cewa tun 336 Kiristocin birnin ke tunawa da haihuwar a wannan rana. Wannan ya zo ne shekaru kaɗan bayan Sarki Kwanstantin ya halatta addinin Kirista a daular Rum, a 313.

Bayani biyu ne masana ke kawowa. Na farko shi ne wanda ya fi yawo a intanet: Rumawa na da bikin Saturnaliya daga 17 zuwa 23 ga Disamba, lokacin ci da sha da musayar kyauta, har iyayengiji kan yi wa bayinsu hidima. A kalandarsu kuma 25 ga Disamba ce ranar da yini ke fara ƙara tsawo bayan dare ya kai matuƙa, akwai kuma bikin ubangijin rana da Sarki Oreliyan ya gina wa haikali a 274. Don haka, in ji wannan ra'ayi, coci ta ɗora nata bikin a kan na mutanen gari don ta janye su. Inda gizo ke saƙar shi ne, shaidar farko ta cewa ana bikin rana a 25 ga Disamba a cikin wannan kundi na 354 ɗin take. Ba a iya rantsuwa a kan wanda ya riga wani.

Bayani na biyu lissafi ne. Tun wajen shekarar 200 Kiristocin yammacin daular ke cewa ranar 25 ga Maris aka gicciye Yesu, bisa aƙidarsu. Sai aka samu fahimtar cewa a irin ranar da ya bar duniya aka ɗauki cikinsa. A ƙara wata tara a kan 25 ga Maris, an faɗa 25 ga Disamba. Abin da ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi shi ne na gabashin daular sun ɗauki 6 ga Afrilu, bikinsu na haihuwa kuma ya faɗa 6 ga Janairu, wata tara cif.

A ganina wanda ya ce ranar tana cikin Littafi Mai Tsarki bai yi daidai ba, wanda kuma ya yanke cewa bikin rana ne kawai aka sauya wa suna ya faɗi abin da shaida ba ta kai ba. Manyan coci-coci da kansu ba su ce 25 ga Disamba ce ainihin ranar ba. Ranar tunawa ce aka tsayar.

Masu yin nasu a Janairu

Nan ba saɓanin aƙida ba ne, kalanda ce. Tsohuwar kalandar da Juliyas Kaisar ya kafa ta ɗauki shekara a matsayin kwana 365 da kwata, alhali zagayen duniya a kan rana bai kai haka ba da kimanin minti 11. Kamar agogon bango ne mai ɗan jinkiri: yau ba ka gane ba, gobe ba ka gane ba, sai ranar da ka makara a sallar Asuba. Duk shekara 128 ana samun kuskuren kwana guda. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya gyara, aka kwana 4 ga Oktoba aka tashi 15 ga Oktoba. Ƙasashen Katolika suka bi nan take. Ingila ta ƙi gyaran Fafaroma sai 1752. Gwamnatin Rasha ta karɓa a 1918, amma cocinta ta ƙi har yau.

Yanzu tazarar ta kai kwana 13. Don haka Kiristan Otodoks na Rasha ko Sabiya da ke biki ranar 7 ga Janairu, a kalandar cocinsa 25 ga Disamba ce. Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, da Habashawa suna da nasu kalandun masu irin wannan lissafi, su ma bikinsu kan faɗa 7 ga Janairu. Daga shekarar 2101 ma sai ya koma 8 ga wata, in ba a gyara ba. Armeniyawa su suka riƙe tsohuwar al'adar gabas ta 6 ga Janairu. Shi ya sa a Baitalami kanta sau uku ake Kirsimeti a Cocin Haihuwa: Katolika a 25 ga Disamba, Otodoks a 7 ga Janairu, Armeniyawan Ƙudus kuma a 18 zuwa 19 ga Janairu, tunda su 6 ga Janairun suke bi amma da tsohuwar kalanda.

Siyasa ma kan shiga. A 2023 Yukiren ta mayar da hutun Kirsimeti daga 7 ga Janairu zuwa 25 ga Disamba da doka, don raba gari da cocin Rasha bayan mamayar 2022. A 2023 ɗin ce kuma shugabannin coci a Baitalami suka soke shagulgula saboda yaƙin Gaza, aka yi addu'o'i kawai, ba a kafa babbar bishiyar dandalin ba.

Kiristocin da suka haramta shi

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, wasu daga cikin mafi zafin adawa da Kirsimeti Kiristoci ne. A 1647 majalisar dokokin Ingila, wadda masu ra'ayin tsarkake addini da ake kira Furitan suka mamaye, ta soke bikin. Hujjarsu ita ce babu shi a Littafi Mai Tsarki, kuma ya zama lokacin shaye-shaye da caca. Aka umarci kantuna su buɗe, har tarzoma ta tashi a garin Kantabari. Sai da sarautar Ingila, wadda aka rushe a wancan zamani, ta dawo a 1660 bikin ya dawo. A yankin Masacusets na Amurka, daga 1659 zuwa 1681, duk wanda aka kama yana bikin tarar sule biyar ce. Amurka ba ta mai da shi hutun tarayya ba sai 1870, Sukotlan kuwa sai 1958. Har gobe Shaidun Jehobah ba sa yi, a Najeriya ma shugaban cocin Deeper Life, Fasto William Kumuyi, ya fito fili ya ce cocinsa ba ta bikin Kirsimeti.

'Yan kwaminisanci sun yi nasu hanin. Tarayyar Sobiyet ta soke shi a 1929, amma a 1935 ta dawo da bishiyar da kyaututtukan ta liƙa su a Sabuwar Shekara. Shi ya sa har yau a Rasha ranar 31 ga Disamba ake babban shagali, 7 ga Janairu kuwa ta masu zuwa coci ce.

Bishiya da tsohon

Bishiyar ba ta da alaƙa da Baitalami. A arewacin Turai, inda a Disamba rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, itatuwa suka kaɗe ganye, mutane sun daɗe suna shigo da rassan itatuwan da ba sa bushewa cikin gida. A ƙarni na 16 Jamusawa, musamman a yankin Alsas, suka fara kafa bishiya sukutum a ɗaki suna rataya mata tuffa da kayan zaƙi, daga baya kyandir. Abin ya bazu ne bayan wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Bajamushe, Yarima Albat, da 'ya'yansu kewaye da bishiya a 1848. Abin da gidan sarauta ya yi, masu hali suka kwaikwaya, daga nan sai Amurka. Fadar Fafaroma ba ta kafa bishiya a dandalinta ba sai 1982. Yau kuwa mafi yawan bishiyoyin roba da ƙyalƙyalinsu daga garin Yiwu na China suke fitowa, garin da 'yan kasuwarmu masu zuwa sari suka san lungunansa.

Shi kuwa tsohon da yara ke kira Fada Kirsimeti, asalinsa mutum ne na gaske: Nikolas, bishop na garin Mira a kudancin Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4. Labarin da aka fi danganta masa na wani talaka ne mai 'ya'ya mata uku da suka isa aure, ba shi da abin da zai kai su ɗaki da shi, har ana tsoron su lalace. Nikolas ya riƙa zuwa da dare yana jefa ƙunshin zinariya ta taga, ɗaya bayan ɗaya, don kada uban ya ji kunya. Duk uban da ya taɓa kwana yana lissafin kayan ɗaki ya san nauyin wannan kyauta. Ranar tunawa da shi 6 ga Disamba ce, kuma a Holan har yanzu daren 5 ga wata ake ba yara kyauta da sunan Sintakilas. A birnin New York, wanda mutanen Holan suka kafa, aka mai da sunan Santa Claus, marubuta da masu zane na ƙarni na 19 suka ƙara masa teɓa da keken da dabbobi dangin barewa ke ja a sama, suka cire masa rigar limanci. Ana yawan cewa Coca-Cola ce ta ƙirƙiro jar rigar. Ba ita ba ce, an zana shi da ja tun kafin nan, amma tallanta da aka fara a 1931 shi ya kafe wannan siffa a idon duniya. Katin gaisuwa na kasuwa kuma a Landan aka fara buga shi, a 1843.

Kowa da irin tuwonsa

Wanda ya san Kirsimeti ta finafinan Amurka zai yi mamakin Habasha, ƙasar da Sarki Ezana na Aksum ya karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4. Can bikin, wanda suke kira Genna, da azumi yake farawa: kwana 43 ba nama, ba madara, ba ƙwai. Daren bikin mutane kan yafa fararen mayafan auduga su kwana a tsaye a coci, dubbai kuma su yi tattaki, wasu da ƙafa, zuwa Lalibela inda aka sassaƙa coci-coci 11 a cikin dutse. Da gari ya waye a buɗe baki da miyar kaza mai yaji da ƙwai a ciki, a ci da wainarsu mai faɗi da ake kira injera, a sha gahawa, samari su fita fili wasan ƙwallo da sanduna. Kyauta ba ta da wani muhimmanci, kuma bikin Timkat na 19 ga Janairu, na tunawa da baftismar Yesu, ya fi Gennar cika. Kibɗawan Masar su ma kwana 43 suke azumi, su buɗe baki da fatta, wato shinkafa da gurasa da nama da tafarnuwa, abincin da maƙwabtansu Musulmi ke ci da Babbar Sallah. A 2015 Abdel Fattah al-Sisi ya zama shugaban Masar na farko da ya shiga babban cocinsu a daren bikin.

A Folan daren 24 ga Disamba shi ne komai. Ba a zama cin abinci sai yara sun hango tauraron farko. Ana shimfiɗa ɗan ciyawa a ƙarƙashin ƙyallen tebur don tunawa da komin dabbobi, kowa ya gutsuri wata siririyar waina daga hannun ɗan'uwansa yana yi masa fatan alheri, a jera abinci kala 12 babu nama ko ɗaya. Kifin da za a soya, a da da ransa ake sayo shi, ya kwana biyu yana iyo a bahon wankan gidan. Sannan ana barin kujera ɗaya da faranti, ko baƙo zai buga ƙofa.

Filifin, wadda Sifaniya ta mulka sama da shekara 300, tun Satumba take fara kiɗan bikin. Daga 16 ga Disamba ana zuwa coci da asuba kwana tara a jere, a fito a sayi wainar shinkafa a bakin ƙofa, 'yan ƙasar da ke aiki a Saudiyya da Dubai kuma su aiko da manyan kwalaye na tsaraba. A Meziko cikin waɗannan kwanaki tara 'yan unguwa ke bi gida-gida da waƙa suna roƙon masauki kamar Maryam da Yusufu, ana korarsu, sai gida na ƙarshe ya buɗe. Ostireliya da Afirka ta Kudu cikin tsananin zafi suke yi, a bakin teku ana gasa nama. Japan kuwa, inda Kiristoci ba su wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba kuma ranar ba hutu ba ce, wani tallan KFC na 1974 ya mayar da soyayyiyar kaza abincin Kirsimeti, har ana yin oda makonni kafin ranar. Wannan kam kasuwa ce tsantsa.

Batun gaisuwa

Musulmi sun yi imani da Annabi Isa da haihuwarsa ba uba, amma ba su yarda ɗan Allah ne ba, wanda shi ne jigon abin da Kirista ke murna a kai. Daga nan malamai suka rabu. Ibnul Ƙayyim da manyan malaman Saudiyya irin su Ibn Usaimin sun hana taya murna, suna ganin amincewa ce da aƙidar. Hukumar fatawa ta Masar da marigayi Yusuf al-Ƙardawi sun halatta, suna ganin kyautata wa maƙwabci ne. A aikace, shugabanni a Najeriya, Musulmi da Kirista, duk shekara suna fitar da saƙon taya murna, a Kaduna kuma an san Musulmi da halartar cocin Fasto Yohanna Buru a ranar. Senegal, mai rinjayen Musulmi, hutu take yi ana ƙawata titunan Dakar, Somaliya da Burunai kuwa sun hana bikin a bainar jama'a.

Yadda yake taɓa aljihun talaka a nan

A Jos da Kafanchan da Yola da Biliri, Kirsimeti da Hausa ake yinsa: waƙoƙin coci na ECWA da COCIN da EYN, zumuntar mata da anko, tela yana kwana a kan keke, a soya cincin, a dafa shinkafa da kaza a aika wa maƙwabta. Gwamnatin Najeriya kan ba da hutun 25 da 26 ga wata. Jihar Kuros Riba ta mai da watan kasuwar yawon buɗe ido tun da aka fara bikin Kalaba a 2004.

Wanda ba ya bikin ma yana jinsa a jiki. Masu kiwon kajin gidan gona sukan zuba 'yan tsaki tun Oktoba ko farkon Nuwamba don su isa yanka daidai lokacin. Tireloli na lodin shanu da awaki daga Potiskum da Maigatari da Mubi, albasa daga Aliero, tumatir daga Kura, su nufi Legas da Onica. Manomi da dillali su samu ciniki, magidanci a Kano kuma ya tarar kuɗin cefane ya tashi. Kuɗin mota zuwa kudu kan yi tashin gwauron zabi, har a Disambar 2023 gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin rabin kuɗin manyan motoci a wasu hanyoyi, ta kuma sa jirgin ƙasa kyauta. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kan baza jami'ai saboda gudu da lodin wuce kima.

Akwai kuma fargaba mai dalili. An tayar da bama-bamai a Jos a jajiberin Kirsimetin 2010, an kai hari cocin Katolika na Madalla kusa da Abuja ranar bikin 2011, an kuma kashe mutane sama da ɗari a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajiberin na 2023. Shi ya sa ake ganin shingaye a ƙofar coci, 'yan sanda kuma ke hana wasan nokawut, don ƙararsa ba ta da maraba da ta bindiga.

Ga mai mota ko mai janareta a Kano da Kaduna da Zariya, lissafin mai sauƙi ne. 'Yan kasuwar Ibo da yawa, waɗanda ke riƙe da cinikin kayan gyara, suna rufe shago su tafi gida tun kafin 24 ga wata, domin a lokacin ake ɗaura aure da taron dangi da buɗe sabon gida a ƙauyukansu, wasu ba sa dawowa sai an shiga mako na biyu na Janairu. Duk wanda motarsa ke ƙara a farkon Disamba, gara ya kai ta wurin makanike tun shagunan suna buɗe.